Pablo Picasso: Mai zanen da ya hana duniya mantawa da Guernica

A ranar 8 ga watan Afrilun 1973 ne Pablo Picasso ya mutu a garin Mougins da ke kudancin Faransa, yana da shekaru 91 a duniya.

Ya bar dubban zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, kuma masana da dama na ɗaukar sa a matsayin wanda ya fi kowa tasiri a fagen zane a ƙarni na ashirin.

To amma a cikin wannan tulin aiki, guda ɗaya ne ya fita daga hannun masana da attajirai masu sayen zane, ya shiga bakin 'yan siyasa da masu zanga-zanga da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Wannan shi ne zanen Guernica, wanda ya yi a shekarar 1937, bayan jiragen yaƙin Jamus da na Italiya sun yi wa wani ƙaramin gari na ƙasar Sifaniya ruwan bama-bamai.

Kafin wannan lokaci, Picasso ya haura shekara hamsin ba tare da an san shi da shiga harkar siyasa ba. Hawan 'yan fasist kan mulki a Turai shi ne ya fito da shi fili, kuma shi ne ya raba shi da ƙasarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Haihuwa da tashi

An haifi Picasso ranar 25 ga watan Oktoban 1881 a Malaga, birnin da ke gaɓar teku a yankin Andalus na kudancin Sifaniya. Birnin ya shafe ƙarnoni a hannun Musulmi kafin ya faɗa hannun sarakunan Kirista a 1487, kuma har yau ganuwar da Musulmin suka gina tana nan a tsaye.

Mahaifinsa, Jose Ruiz Blasco, malamin koyar da zane ne, kuma a wurinsa yaron ya fara koyon riƙe alƙalami. Picasso kuwa sunan dangin mahaifiyarsa ne, Maria, wanda daga baya ya zaɓi ya riƙa sa hannu da shi.

Neman abinci ya kai iyalin garin Coruna a 1891, inda ƙanwarsa Conchita ta mutu tana 'yar shekara bakwai. A 1895 suka koma Barcelona, aka ɗauke shi a makarantar koyon zane ta birnin tun bai cika shekara 14 ba.

Bayan shekara biyu aka tura shi babbar makarantar zane ta Madrid, amma zaman aji bai karɓe shi ba. Ya fi son ya wuni a gidan adana zane-zane na Prado, yana nazarin ayyukan magabata irin su Velazquez da El Greco da Goya.

Paris da fuskokin Afirka

A shekarar 1900 ya fara zuwa Paris, wadda a lokacin ita ce matattarar masu zane na duniya, kuma a 1904 ya tare can baki ɗaya.

Shekarun farko na wahala ne. Abokinsa Casagemas ya kashe kansa a 1901, kuma kusan shekara uku bayan haka Picasso ya fi zana mabarata da makafi da tsofaffi, galibi da launin shuɗi.

Babban sauyi ya zo masa a 1907, lokacin da ya shiga gidan adana kayan al'adu na Trocadero a Paris. A nan ya ga fuskokin itace da gumakan da Turawan mulkin mallaka suka kwaso daga Afirka da tsibiran tekun Pasifik.

Masu zanen Turai sun shafe kusan shekara ɗari biyar suna ƙoƙarin kwaikwayon abu daidai yadda ido ke ganin sa. Masassaƙan Afirka kuwa ba wannan ne damuwarsu ba. Sukan tsawaita hanci, su faɗaɗa ido, su murɗa baki, domin fito da tsoro ko kwarjini ko baƙin ciki.

Picasso ya ɗauki wannan darasi. A shekarar ce ya zana wasu mata biyar, biyu daga cikinsu da fuskoki irin na sassaƙar Afirka, zanen da ya girgiza hatta abokansa na kusa.

Daga nan shi da Bafaranshen nan Georges Braque suka ƙirƙiro salon da ake kira Kubizim, inda ake farfasa siffar abu a nuna ta daga ɓangarori da yawa a lokaci guda.

Masu suka a Afirka sun daɗe suna nuni da cewa sunan Picasso ya cika duniya, alhali masassaƙan da ya koya daga gare su ko sunayensu ba a rubuta ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya wargaza wannan tafiya a 1914. An ɗauki Braque soja, ya kuma samu mummunan rauni a kai. Picasso bai je fagen daga ba, domin ƙasarsa ba ta shiga yaƙin ba. Ya ci gaba da aikinsa, ya auri wata 'yar Rasha mai suna Olga a 1918, kuma kafin 1930 ya zama hamshaƙin mai kuɗi.

Guguwar fasist

Yaƙin ya bar Turai cikin talauci da ɗacin rai, kuma a cikin wannan yanayi ne aƙidar fasist ta samu gindin zama. Aƙida ce ta kama-karya da ke ɗaukaka shugaba guda da jam'iyya guda, tana kambama ƙasa da jinsi, tana kuma kallon yaƙi a matsayin abin alfahari.

Benito Mussolini ya hau mulkin Italiya a 1922, Adolf Hitler kuma ya zama shugaban gwamnatin Jamus a watan Janairun 1933.

Ba dukkan masu fasaha ne suka guje su ba. Marinetti, jagoran wata ƙungiyar marubuta da masu zane ta Italiya da ke yabon inji da gudu da yaƙi, yana cikin magoya bayan Mussolini na farko, har ma ya bi sojojinsa zuwa Habasha.

A Afirka ne aka fara gwada abin da daga baya Turai ta ɗanɗana. A Libya, a 1911, wani matuƙin jirgin Italiya ya jefa bam na farko daga jirgin sama a tarihin yaƙi. A shekarun 1920 Sifaniya ta yi amfani da iskar guba a kan mutanen yankin Rif na Maroko, waɗanda Abdulkarim al-Khattabi ke jagoranta. A watan Oktoban 1935 Mussolini ya afka wa Habasha, jiragensa suka zuba guba a kan sojoji da ƙauyuka.

Sarki Haile Selassie ya kai kuka gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a Geneva a watan Yunin 1936, amma manyan ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu da shi.

Wata guda bayan haka, a watan Yuli, wasu hafsoshin sojan Sifaniya suka yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnatin jamhuriya bore. Daga yankin Maroko da ke hannun Sifaniya aka fara, kuma ba da daɗewa ba Janar Francisco Franco, wanda ya yi sunansa a yaƙin Rif, ya zama jagoransu.

Jiragen Hitler da na Mussolini ne suka tsallakar masa da dakaru zuwa Sifaniya, cikinsu har da dubban Musulmin Maroko, waɗanda galibi talauci ne ya sa suka shiga aikin soja. Birtaniya da Faransa suka ce ba ruwansu, Tarayyar Soviet kuma ta taimaka wa jamhuriya da makamai.

Picasso ya goyi bayan jamhuriya. A watan Satumban 1936 gwamnatin ta naɗa shi shugaban gidan Prado, ko da yake bai taɓa zuwa ya kama aiki ba. A watan Janairun 1937 kuma ta nemi ya yi mata wani ƙaton zane da za a kafa a zauren Sifaniya, a bikin baje kolin duniya da za a yi a Paris a wannan shekara.

Ya amsa, amma aka shafe fiye da wata uku bai tsayar da abin da zai zana ba. A cikin wannan tsakani ne garinsu Malaga ya faɗa hannun Franco, aka yi ta harbin masu gudun hijira a kan hanyar Almeria daga sama da kuma daga teku.

Ranar kasuwa a Guernica

Guernica ƙaramin gari ne a yankin Basque na arewacin Sifaniya, amma yana da daraja ta musamman a wurin mutanen yankin. A can ne tsohuwar bishiyar da dattawansu ke taruwa a ƙarƙashinta take, inda a da sarakunan Sifaniya kan yi rantsuwar kiyaye haƙƙoƙinsu.

Ranar 26 ga watan Afrilun 1937 ta faɗo Litinin, ranar kasuwar garin. Duk wanda ya san yadda ranar kasuwa ke cika gari a ƙasar Hausa, a Rano ne ko Kibiya, inda mutanen ƙauyuka ke shigowa da hatsi da dabbobi, zai fahimci abin da kai hari a irin wannan rana ke nufi. Ban da haka, garin na ɗauke da 'yan gudun hijira.

Da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma jiragen suka fara zuwa. Na rundunar Condor ne ta Jamus, wadda Wolfram von Richthofen ya tsara mata harin, tare da wasu na Italiya.

Sun shafe kusan sa'o'i uku suna zuwa rukuni-rukuni. Sun jefa bama-bamai masu rushe gini, da masu tayar da gobara, ƙananan jirage kuma suna bin masu gudu da harbi.

Galibin gidajen garin sun ƙone. Amma gadar da ake cewa ita ce abin harin ba ta rushe ba, haka nan masana'antar makamai da ke gefen gari da tsohuwar bishiyar.

Gwamnatin Basque ta ce mutum 1,654 ne suka mutu. Wasu masana tarihi na baya sun rage adadin zuwa 'yan ɗaruruwa, wasu kuma na ganin adadin farko ya fi kusa da gaskiya, kuma har yanzu ana wannan muhawara.

Ɓangaren Franco ya musanta harin baki ɗaya. Ya ce mutanen Basque da 'yan gurguzu ne suka cinna wa garin wuta da hannunsu, kuma wannan ne bayanin da hukuma ta riƙe a Sifaniya shekara da shekaru.

Wanda ya fi kowa tona asirin shi ne George Steer, ɗan jarida haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya isa garin a daren yana ci da wuta. Steer ya riga ya ga aikin jiragen Italiya a Habasha, saboda haka ya gane abin da ke gabansa. Ya tsinci ɓaraguzan bama-bamai masu tambarin Jamus, kuma ranar 28 ga wata rahotonsa ya fito a jaridar Times ta Landan da New York Times.

Zane cikin makonni biyar

Picasso ya ga labarin da hotunan a jaridun Paris. Ranar 1 ga watan Mayu ya fara zayyana, kuma a farkon watan Yuni ya kammala.

Zanen ƙato ne, tsawonsa ya kusa mita takwas, tsayinsa kuma kusan mita uku da rabi. Babu wani launi a ciki sai baƙi da fari da toka-toka, tamkar hotunan jaridar da suka kawo labarin. Abokiyar zamansa ta lokacin, Dora Maar, ta ɗauki hoton aikin mataki-mataki, abin da ya sa aka san yadda ya yi ta sauya shi.

A ɓangaren hagu akwai mace riƙe da gawar jaririnta, ta ɗaga kai sama tana kururuwa, bijimi kuma na tsaye a kanta. A tsakiya doki ne da aka soke, bakinsa a wangame. A ƙasa ga mayaƙi a warwatse, hannunsa riƙe da karyayyen takobi, wata 'yar fure ta tsiro kusa da shi.

A dama wata mace ta miƙa hannuwa sama cikin gidan da ke cin wuta, wata na jan ƙafa tana neman tsira, wata kuma ta leƙo ta taga da fitila a hannu. Can sama ƙwan lantarki ne a cikin wata siffa mai kama da ido.

Babu jirgi a zanen, babu bam, babu tuta, babu fuskar Franco ko ta Hitler. Waɗanda abin ya faɗa wa kawai ya nuna. Murɗaɗɗun fuskokin da ya koyo shekara talatin da suka wuce, waɗanda aka yi ta yi wa dariya, a nan suka yi amfani, domin sun nuna firgici fiye da yadda zanen da ya kwaikwayi ido zai iya.

Da aka buɗe zauren Sifaniya a watan Yuli, ba kowa ne ya yaba ba. Wasu jami'an jamhuriya da 'yan gurguzu sun so a ce zane ne da talaka zai gane nan take, wanda zai zaburar da mayaƙa. Jamusawa kuma, waɗanda ƙaton zaurensu ke fuskantar na Tarayyar Soviet a filin bikin, suka yi masa ba'a.

Sai dai abin da aka ɗauka aibu ne shi ya ba zanen tsawon rai. Da yake bai ambaci wani azzalumi da suna ba, duk al'ummar da aka yi wa ruwan wuta daga sama tana iya ganin kanta a ciki.

Yaƙin Hitler da masu zane

A cikin wannan wata na Yuli ne gwamnatin Nazi ta buɗe wani baje koli a birnin Munich, wanda ta kira na gurɓataccen zane. An jera ayyuka kusan 650 a cunkushe, an rubuta kalaman izgili a bango, kuma mutane fiye da miliyan biyu suka je kallo.

Hitler kansa ya so zama mai zane a ƙuruciyarsa, amma makarantar zane ta Vienna ta ƙi karɓar sa har sau biyu, a 1907 da 1908. Da ya samu mulki, sai ya ayyana zanen zamani a matsayin makircin Yahudawa da 'yan gurguzu. Ɗaya daga cikin manyan laifuffukan da aka ɗora wa masu wannan salo shi ne koyi da fasahar baƙar fata.

An kwashe ayyuka fiye da 16,000 daga gidajen adana zane na Jamus. Wasu an ƙona su, wasu an sayar a waje domin samun kuɗin ƙetare, ciki har da na Picasso da aka yi gwanjonsu a Lucerne ta Switzerland a 1939.

An kori Otto Dix daga aikin koyarwa a Dresden saboda yadda ya zana munin yaƙi. Max Beckmann ya gudu Amsterdam. Ernst Kirchner ya kashe kansa a 1938. Felix Nussbaum, wanda Bayahude ne, an kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944.

A nasa ɓangaren, zanen Guernica ya shiga yawon tara wa 'yan gudun hijirar Sifaniya taimako. A unguwar Whitechapel ta Landan, a watan Janairun 1939, masu kallo sun riƙa ajiye takalma domin a kai wa mayaƙan jamhuriya. A wannan watan ne mahaifiyar Picasso ta mutu a Barcelona, bai samu zuwa jana'izarta ba.

Franco ya ci yaƙin a watan Afrilu. Aka kai zanen Amurka, Picasso ya bar shi amana a gidan adana zanen zamani na New York, bisa sharaɗin kada a kai shi Sifaniya sai 'yanci ya dawo ƙasar.

Zama a ƙarƙashin mamaya

A watan Satumban 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, kuma abin da aka yi wa Guernica aka maimaita shi a Warsaw da Rotterdam da Landan. Daga baya ƙasashen ƙawance su ma suka yi wa Hamburg da Dresden da Tokyo, kafin Hiroshima da Nagasaki.

Yaƙin ya iso har ƙasar Hausa. Filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ana kai su Masar. Sojojin Najeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suna cikin waɗanda suka fatattaki dakarun Mussolini daga Somaliya da Habasha a 1941, daga baya kuma aka kai su Burma.

Da Paris ta faɗa hannun Jamus a watan Yunin 1940, masu zane da yawa suka tsallaka zuwa New York, cikinsu har da Mondrian da Chagall da Max Ernst. Wannan ƙaura na cikin dalilan da suka sa bayan yaƙin cibiyar zanen zamani ta tashi daga Paris ta koma Amurka.

Picasso bai gudu ba. Ya nemi zama ɗan ƙasar Faransa a 1940, aka hana shi, amma ya zauna a Paris har ƙarshen mamayar. An hana shi baje ayyukansa, kuma jami'an Jamus sukan kai masa ziyarar bincike.

Shi da kansa ya ba da labari bayan yaƙin cewa wani hafsan Jamus ya ga hoton Guernica a ɗakinsa, ya tambaye shi ko shi ya yi wannan, sai ya amsa masa da cewa ai su ne suka yi.

Ayyukansa na waɗannan shekaru cike suke da duhu: ƙoƙon kai, da kyandir, da teburin da babu abinci a kai. A 1942 ya haɗa sirdin keke da hannun keke ya fitar da kan bijimi.

Bai shiga ƙungiyoyin gwagwarmaya na ɓoye ba, kuma akwai masu ganin cewa shahararsa da dukiyarsa ne suka kare shi. Tsohon abokinsa, marubuci Max Jacob, bai samu wannan kariya ba. Ya mutu a sansanin Drancy a watan Maris na 1944.

Kurciya da saɓanin hali

Bayan an 'yantar da Paris a watan Agustan 1944, Picasso ya shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa. A 1949 aka ɗauki wata kurciya da ya zana aka yi tambarin taron zaman lafiya na duniya da ita, kuma daga nan ta bazu ko'ina. A 1951 ya yi wani zane a kan kisan fararen hula a yaƙin Koriya.

Lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ya zana fuskar Djamila Boupacha, matashiyar da sojojin Faransa suka azabtar, aka buga a littafin da ya fito a 1962 domin kare ta.

To sai dai ba a rasa nono a ruga. Mutumin da ya la'anci zaluncin Franco bai fice daga jam'iyyar ba ko da tankokin Soviet suka murƙushe mutanen Hungary a 1956.

A cikin gida ma tarihinsa ba mai daɗi ba ne. Yana da shekara 45 ya fara hulɗa da Marie-Therese Walter, 'yar shekara 17, alhali yana da aure. Francoise Gilot, uwar 'ya'yansa biyu, ta bar shi a 1953, ta kuma rubuta littafi a kan irin ƙuntatawar da ta sha. Bayan mutuwarsa, jikansa Pablito da Marie-Therese da matarsa ta ƙarshe Jacqueline duk sun kashe kansu.

Wannan ya sa a 'yan shekarun nan ake ta sake auna shi, ana tambayar yadda wanda ya iya zana kukan mata haka ya zama sanadin kukan matan da ke kusa da shi.

Komawa gida

Rabon Picasso da Sifaniya tun 1934, kuma bai sake taka ta ba. Franco ya mutu ranar 20 ga watan Nuwamban 1975, fiye da shekara biyu bayan mutuwarsa.

Sai da ƙasar ta koma mulkin dimokuraɗiyya sannan aka mayar da zanen Madrid, a watan Satumban 1981. Da farko a bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa aka ajiye shi. A 1992 aka mayar da shi gidan adana zane na Reina Sofia, inda yake har yanzu, duk da kiraye-kirayen mutanen Basque na a kai shi yankinsu.

A 1997, shekara sittin bayan harin, shugaban Jamus Roman Herzog ya aika wa waɗanda suka tsira saƙo, inda ya amince da hannun matuƙan jiragen Jamus a ciki. Dama Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Tasirin zanen ya tsallaka Turai. Dumile Feni na Afirka ta Kudu ya yi nasa Guernica na Afirka a 1967, a zamanin wariyar launin fata. Dia al-Azzawi ɗan Iraƙi ya yi wani ƙaton zane a kan kisan kiyashin Sabra da Shatila na 1982, wanda ake yawan kwatanta shi da na Picasso. A 1972 kuma shugaba Leopold Senghor ya shirya baje kolin ayyukan Picasso a Dakar, nahiyar da ya ɗebi ilimi daga gare ta ba tare da ya taɓa zuwa kudu da hamadarta ba.

Akwai kwafin Guernica da aka saƙa kamar darduma, wanda aka rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1985. A watan Fabrairun 2003, lokacin da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya je kare shirin yaƙar Iraƙi, an rufe shi da shuɗin labule. Jami'ai sun ce an yi haka ne domin masu ɗaukar hoton talabijin, amma masu adawa da yaƙin suka ce ba a son a yi maganar jefa bama-bamai a gaban uwa mai riƙe da gawar ɗanta.

A watan Disamban 2023 mutanen Guernica suka taru a tsakiyar garin, suka jeru suka fitar da siffar tutar Falasɗinu domin nuna alhini ga mutanen Gaza, yayin da jiniyar gargaɗin harin sama ke kaɗawa.

An binne Picasso a harabar gidansa da ke Vauvenargues, a kudancin Faransa.